Most Likely to Succeed: Fim ɗin da Ya Sa Na Kamu da Son Wata Makaranta a San Diyego

Jama'a, ku nemi fim ɗin nan ku kalla. Malamai nake kira da farko, sannan shugabannin makarantu, sannan duk wani uba ko uwa da ke da yaro a sakandare. Sunansa Most Likely to Succeed, Greg Whiteley ne ya ba da umarni, Ted Dintersmith ya ɗauki nauyinsa, aka kuma fara haska shi a bikin finafinai na Sundance da ke Amurka a farkon 2015. Fim ne na gaskiya, babu jarumi, babu rawa da waƙa, ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba, tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi. Amma tun da nake kallon abubuwan da suka shafi karatu da karantarwa, wallahi ban taɓa cin karo da wanda ya tsuma ni kamarsa ba. Akwai wuraren da tsikar jikina ta tashi, akwai inda idona ya ciko, alhali abin da ake nunawa bai wuce yara 'yan shekara goma sha huɗu suna fama da katako da kwamfuta ba.

Makarantar da fim ɗin ya tare a cikinta tsawon shekarar karatu guda ita ce High Tech High, a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya. Tana cikin makarantun nan na yarjejeniya, kuma sai an san tsarinsu kafin a gane yadda ta samu sararin yin abin da take yi. Gwamnati ce ke biyan kuɗin karatun kowane ɗalibi daga harajin jama'a, iyaye ba sa ba da ko sisi, amma ba hukumar ilimi ta yanki ce ke tafiyar da makarantar kai tsaye ba. Wasu mutane ne za su rubuta takardar alkawari su ce ga irin karatun da za mu yi, ga sakamakon da za mu kawo, a ba mu dama. In an amince, sai a sakar musu mara wajen tsara jadawali, ɗaukar malamai da kashe kuɗi. Bayan 'yan shekaru a dawo a duba, in sun gaza a ƙwace izinin. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1991, Kalifoniya ta bi sawu a 1992. Har gobe Amurkawa na ka-ce-na-ce a kan irin waɗannan makarantu, don akwai nagartattu a cikinsu, akwai kuma na jeka-na-yi-ka. Wannan kam ta ci moriyar 'yancinta iya ci.

An buɗe ta a watan Satumba na 2000 da ɗalibai kusan 200, a wani tsohon ginin sansanin horar da sojan ruwa da ke unguwar Point Loma. Maganar ta taso ne daga masu kamfanonin fasaha da manyan 'yan kasuwar birnin, waɗanda suka gaji da neman ƙwararrun ma'aikata suna rasawa. A gabansu akwai Gary Jacobs, ɗan Irwin Jacobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Qualcomm. Sai Allah ya haɗa su da Larry Rosenstock. Kai, wannan mutum! Ya karanta shari'a, amma shekara 11 ya yi yana koyar da aikin kafinta a makarantun sakandare na yankin Boston, inda ya ga da idonsa yadda ake ware 'ya'yan talakawa a tura su ajin sana'a, 'ya'yan masu hali kuma a tura su ajin shiga jami'a, sai ka ce mai aiki da hannu ba shi da kai, mai aiki da kai kuma ba shi da hannu. Abin da ya sa a gaba ke nan, ya haɗe kai da hannu a aji guda. Shi ya sa a High Tech High babu ajin haziƙai da ajin 'yan baya, kowa tare yake zama. Babu ma jarrabawar shiga. Ƙuri'a ake jefawa, an kuma tsara ta bisa lambobin gidan waya na unguwanni, ta yadda ɗan unguwar masu kuɗi da ɗan unguwar marasa galihu za su haɗu a tebur ɗaya. Duk sanda Rosenstock ya bayyana a fim ɗin, a natse yake magana, da ɗan murmushi, irin na wanda ya daɗe da wuce matakin gardama.

Whiteley dai bai fara da makarantar ba. Da 'yarsa ya fara, yarinya 'yar aji huɗu na firamare da karatu ya fice mata a rai, tana zaune a taron iyaye da malamai ana yi mata nasihar da aka yi wa kowannenmu, cewa ta daure, wannan wahala za ta amfane ta nan gaba. Kyamara ta tsaya cak a kan fuskarta, kuma duk wanda ya haifa zai karanta abin da ke rubuce a fuskar nan: yarinyar ba ta gamsu ba. Daga nan fim ɗin ya ɗauke mu a guje cikin tarihi. A 1843 wani Ba'amurke mai suna Horace Mann ya je Furushiya, a Jamus ta yanzu, ya ga yadda suka tsara makarantunsu ya koma gida yana yabo. A 1892 aka kafa kwamitin mutum goma a ƙarƙashin Charles Eliot, shugaban Jami'ar Harvard, suka shata darussan sakandare fanni-fanni. Tsarin ya dace da zamanin da masana'antu ke neman mutanen da za su zo a kan lokaci su bi umarni. Sai ga 1997, kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov a wasan ces. Sai ga 2011, wata kwamfutar kamfanin mai suna Watson ta lallasa Ken Jennings, gwarzon gasar kacici-kacici ta Jeopardy!, kuma ga Jennings ɗin da kansa a gaban kyamara yana ba da labarin yadda abin ya zo masa. Tambayar da fim ɗin ya aza a gabanmu ita ce: in na'ura ta fi ɗan Adam iya tara bayanai da amayar da su, don me makaranta za ta ƙarar da shekara 12 tana horar da yaro a kan abin da na'ura ta riga ta ƙwace? Ku tuna fa, a 2015 aka yi wannan tambaya, shekara bakwai kafin ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Hangen nesan ya burge ni matuƙa.

To, wanda ya ji sunan makarantar zai ɗauka zai ga layi-layi na yara kowa ya ƙura wa allon kwamfuta ido. Ina! Abin da kyamara ta fara nuna mana gini ne mai dogon rufi da bangayen gilashi, kana tafe a baranda kana hango duk abin da ake yi a kowane aji, ko'ina kuma an rataye ayyukan ɗalibai, a bango, a sama, a lungu. Ga zarto, ga na'urar huda katako, ga fenti, ga kwamfutoci a tsakaninsu an ajiye su kamar sauran kayan aiki. Nan ne zuciyar al'amarin, nan ne kuma na ji makarantar ta kwanta mini a rai. Kwamfuta a wurinsu abin ƙera wani abu ce. Rosenstock yana da wata ƙa'ida da ta shahara, cewa yaro na iya buga wasan bidiyo a makarantar, amma da sharaɗin shi ya ƙirƙiri wasan a can. Ƙa'idar nan kaɗai ta fi mini tulin takardun manufofin da ake rubutawa kan shigar da fasaha cikin makarantu.

Bari in zauna a kan aikin da ya fi ɗauke mini hankali, aikin babban faifan katako. 'Yan aji tara ne, wato shekarar farko ta babbar sakandare a tsarinsu. Malamin tarihi da malamin fiziks suka haɗa kai suka ba su aiki guda. Su karanta labarin daulolin da suka shuɗe, irin su Rumawa da Girkawa da Maya, kowace ƙungiya ta fito da nata ra'ayin kan abin da ke sa daula ta bunƙasa da abin da ke kayar da ita. Har nan dai darasin tarihi ne. Sai aka ce kuma su mayar da wannan ra'ayi inji mai motsi, na giyoyi masu haƙora da sanduna da ƙafafu, wanda in an juya shi zai nuna ra'ayin a aikace, sannan a harhaɗa injinan ƙungiyoyin duka a jikin ƙaton faifai guda su riƙa juyawa tare. Tirƙashi! Ka yi tunanin yaron da ya ce yawan jama'a ne ke cinye albarkatun ƙasa har daula ta durƙushe. Yanzu sai ya nemo yadda wani sashe na injinsa zai riƙa hawa yayin da wani ke sauka, kuma a kan ƙa'ida.

A nan fasaha ke shigowa, kuma a nan ne ake ganin amfaninta ƙarara. Yaro zai zauna gaban kwamfuta ya zana giyarsa a manhajar zane, ya ƙidaya haƙora, ya auna faɗi. Giya mai haƙora 40 in ta ja mai haƙora 10, ƙaramar za ta juya sau huɗu kafin babbar ta zagayo sau ɗaya, gudu ya ƙaru, ƙarfin juyi ya ragu. Lissafin da a takarda yaro ke hamma a kansa, a nan rayuwar injinsa ta rataya a kai. Ya tura zanen ga na'urar yanka da hasken leza, ta bi layi ta yanko masa giyar daga falankin katako, gefenta ya yi baƙi-baƙi saboda ƙuna. Ya ɗauko da murna ya haɗa da 'yar'uwarta, sai haƙoran suka cije, ko kuma suka yi sako-sako suna tsallake juna. Ba malami ne ya ce masa ya faɗi ba, katakon ne ya gaya masa. Sai ya koma kan kwamfuta ya gyara tazarar da ba ta kai kaurin farce ba, ya sake yankowa. Saurin na'urar shi ne ke ba shi damar yin kuskure sau da yawa a yini guda, kowane kuskure kuma da darasinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin makaniki ya ga yaron gida yana kwance ƙarƙashin mota ya san wannan irin karatu: maigida ba ya ba da maki, mota ce za ta tashi ko ta ƙi tashi.

Cikin waɗannan yara akwai wani da fim ɗin ya bi sau da ƙafa, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da taurin kai, wanda ya ɗauko zane mai wuyar gaske ya ce shi zai yi. Kullum cikin canza tsari yake, abokan ƙungiyarsa na jira, lokaci na tafiya. Aka zo daren baje koli, daren da makarantar ke buɗe ƙofa iyaye da 'yan'uwa da mutanen gari su cika ta maƙil su ga abin da yara suka yi a zangon. Faifai ya juya, injinan wasu na aiki, gurbin nasa kuwa babu abin nunawa. Na ji abin har cikin raina. Malamansa ba su shiga sun ƙarasa masa don a rufa asiri ba, ba su kuma wulaƙanta shi ba. Suka zaunar da shi ya faɗi da bakinsa inda ya kuskure da yadda ya jawo wa abokansa. Abin da ya biyo baya shi ne ya gama da ni. An yi hutu, an riga an ba da sakamako, babu makin da zai ƙaru, amma yaron nan ya ci gaba da dawowa makaranta yana fama da injinsa har cikin hutun bazara, har ranar da ya ɗora shi a faifan ya juya. A gaya mini jarrabawar da za ta sa yaro ya dawo cikin hutu don kansa ya sake amsa tambayar da ya faɗi!

Sai kuma wata yarinya a makarantar, Allah sarki. A ranar farko malamin adabi ya ce da ajin su jera tebura da kujeru don zaman tattaunawa, ya ja gefe ya yi shiru. Yara suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna, don tun da suke ba a taɓa barin su su yanke shawara ko a kan kujera ba. Tana cikinsu, mai kunya, muryarta da ƙyar take fita. Ajin ya ɗauki wani tsohon wasan kwaikwayo na Yuripidis, marubucin Girka, a kan matan birnin Taroyi bayan an ci su da yaƙi, wasan da aka fara nunawa shekara 415 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sake masa riga ya dace da zamaninmu. Ita aka ba jagorancin shirya wasan. Kana kallo wata bayan wata muryar nan tana buɗewa. Ta fara da roƙo, ta koma bayani, ta kai inda take tsayar da atisaye ta ce a sake, ba haka ake so ba. Ranar da ta tsaya gaban malamai da iyayenta tana bayanin abin da ta koya game da kanta, ni dai ban iya riƙe hawaye ba. Wannan tsayuwar ma al'ada ce a makarantar. Kowane ɗalibi yakan tsaya ya gabatar da abin da ya koya, a yi masa tambayoyi ya kare kansa, yana kuma da kundi a intanet inda yake tara ayyukansa tun daga zanen farko mai kurakurai har zuwa na ƙarshe. In ya kai aji goma sha ɗaya sai ya fita zaman koyon aiki na makonni a wani kamfani ko asibiti ko ɗakin bincike.

Bayan fim ɗin na shiga bin diddigin sauran ayyukan makarantar, sai na tarar ashe abin da aka nuna somin-taɓi ne. Ɗaliban wani malamin nazarin halittu mai suna Jay Vavra sun yi shekaru suna binciken gaɓar tekun San Diyego, suna ɗaukar hotuna, suna zana taswira, suna hira da masana da masunta, suna tsara shafuka a kwamfuta, har suka wallafa littattafai na gaske da ake sayarwa, ɗaya ma fitacciyar masaniyar dabbobi Jane Goodall ce ta rubuta masa gabatarwa. Wani aikin nasu kuma ya taɓo nahiyarmu. Naman daji in an ƙyafe shi ko an busar, ido ba ya iya bambance na dabbar da aka hana farauta da na wadda aka halatta, masu fasa-ƙwauri kuma da wannan suke fakewa. Yaran nan, tare da masana na gidan namun dajin San Diyego, suka koyi ciro ƙwayar halitta ta DNA daga busasshen nama, su karanta wani ɗan guntun sashe nata, su gwada shi da rumbun bayanai na intanet, sai sunan dabbar ya fito. Wasunsu har Tanzaniya suka je da wannan ilimi. 'Yan sakandare fa! Ga kwamfuta, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga intanet, duk an ɗaure su a jikin matsala ta gaske da ke damun mutane na gaske.

Dole abin ya sa mutum ya waiwayi gida. Na san makarantar da aka kai wa kwamfutoci aka yi biki aka yanka kirtani, sannan aka lulluɓe su da leda aka garƙame ɗakin don kada yara su lalata. Yaran suna aji suna kwafar sassan kwamfuta daga allo, suna zana linzami a littafi da fensir, da yawansu kuma ba za su taɓa shi da hannu ba sai jarrabawar JAMB ta matso, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Na san matsalar wuta, na san aji mai ɗalibai fiye da ɗari, ba kuma ina cewa San Diyego da garuruwanmu ɗaya ba ne. Sai dai abin da ya faranta mini rai shi ne, mafi tsadar abin da ke High Tech High ba na'urar leza ba ce. Yarda ce da aka yi cewa a damƙa wa yaro kayan aiki ya yi wani abu da jama'a za su zo su gani. Wayar hannu guda ta isa 'yan aji su naɗi tarihin unguwarsu daga bakin dattawa, su tace muryoyin, su gayyaci iyaye su saurara. Kwamfuta biyu da ƙaramin faifan sola sun isa a auna zurfin rijiyoyin gari wata-wata a zana jadawalin yadda ruwa ke ja da baya.

Wani abin da ya ƙara wa fim ɗin daraja a idona shi ne bai ɓoye fargabar iyaye ba. Akwai wata uwa da ta fito ƙarara ta nuna damuwarta: babu littattafan darasi irin waɗanda ta sani, ba a bin manhaja shafi-shafi, to yaya 'yarta za ta yi da jarrabawar shiga jami'a? Tambaya ce ta gaskiya, kuma Whiteley ya bar ta ta yi ta ba tare da ya mayar da ita abin dariya ba. Makarantar ma ba ta musa cewa ta zaɓi zurfi a kan faɗi ba, yaran za su san abu kaɗan sosai maimakon su leƙa abu da yawa. Akwai ma inda aka je wata makarantar daban, malamin lissafi ya tambayi haziƙan ɗalibansa ko sun fi son a koya musu abin da zai amfane su a rayuwa ko a koya musu cin jarrabawa, suka ce jarrabawa. Ba laifinsu ba ne, abin da aka nuna musu yana da daraja ke nan. Amsar da fim ɗin ya bayar ta zo ne daga makarantar Lawrenceville, ɗaya daga cikin fitattun makarantun kuɗi na Amurka, inda aka sake ba ɗalibai jarrabawar da suka ci kafin hutu bayan sun dawo, har ma an sauƙaƙa ta, sai matsakaicin sakamako ya faɗo daga B+ zuwa F. Wato faɗin da ake tinƙaho da shi, cikin wata uku ya zube. Ita kuwa High Tech High, kusan duk masu kammala ta suna samun gurbi a manyan makarantu, da yawansu kuma su ne na farko a gidajensu da suka taka wannan mataki.

Malaman fa? Su ne ƙashin bayan abin. Ba a miƙa musu manhaja daga sama, su ke zama su ƙirƙiro ayyukan, shi ya sa ake ware musu lokaci da safe kafin yara su iso su haɗu su tattauna, wannan ya kawo shirinsa abokan aiki su yi masa gyara. Kafin malami ya ba yara aiki, ana so ya fara yin sa da hannunsa ya ga inda ke da wuya. Wannan ƙa'ida ta yi mini daɗi ƙwarai. Gaskiya ne aikin da nauyi, fim ɗin ya nuna kwantiragin shekara ɗaya-ɗaya ake ba su, kuma a 2021 malaman sun kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago don neman a gyara sharuɗɗan aiki. Ina tare da su a kan haka, don mai irin wannan hidima ya cancanci kwanciyar hankali. Amma dubi fuskokinsu a daren baje koli, ka ga mutanen da suke jin aikin nasu ne. Makarantar da ta fara da yara 200 yanzu ta zama makarantu 16 daga firamare zuwa sakandare a yankin San Diyego, da ɗalibai sama da 6,000, ta kuma buɗe kwalejinta ta horar da malamai a 2007. A 2019 aka kira Rosenstock birnin Doha na ƙasar Katar aka ba shi lambar WISE, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na ilimi a duniya. Ya cancanta, har da ƙari.

Ta fuskar sana'ar fim kuwa, Whiteley gwani ne. Haƙurinsa ne makaminsa. Yakan ajiye kyamara a kan yaro ya jira, har sai abin da ke zuciya ya fito fuska, salon da daga baya ya yi suna da shi a Last Chance U da Cheer na Netflix. Masana sun yi magana a ciki, irin su Ken Robinson da Sal Khan da Tony Wagner, amma bai bar su sun cinye fim ɗin ba, da sun ɗan yi bayani sai ya komar da mu wajen yara da ƙurar katako. Shi kuma Dintersmith, wanda ya yi arzikinsa a harkar zuba jari a kamfanonin fasaha, ya zaɓi a riƙa nuna fim ɗin a tarukan jama'a, a makarantu da zaurukan gari, don a kalla tare a tattauna. Ya zagaye jihohin Amurka 50 da shi, abin da ya gani a tafiyar ya zama littafinsa What School Could Be na 2018, bayan wanda suka rubuta da Wagner a 2015 mai suna ɗaya da fim ɗin.

Haka nake so a kalle shi a wajenmu, a taro. A samu yammacin wata Asabar, a tara malamai da 'yan kwamitin iyaye, a tayar da janareta, a sa wanda ya ji Turanci sosai ya riƙa fassarawa. In an zo daren baje koli, wurin da injin yaron nan ya ƙi aiki, a tsayar da fim ɗin a tambayi kowa me zai yi da shi ne malamin, a bar gardama ta yi zafi kafin a ci gaba. Ga masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa kuma, ga roƙona: ƙwarewar nan taku da ta sa tsofaffi da yara ke bin labarin Mumbai kamar a tsakar gidansu aka yi, don Allah ku ara wa wannan fim ita, ku nemi izinin masu shi ku sa masa muryar Hausa. Ni ne zan fara saye, in kuma kai wa duk makarantar da ƙafata za ta iya kaiwa.